A RAGE SIRDI, KADA A SARE ƘAFAR DOKI

Kwanan baya a Babban Mutum, can ƙasar Baure daf da iyakar Nijar, na ga abin da ya sa ni wannan rubutu. Wani malamin makaranta, mutumin kirki amma Allah bai ba shi tsawo ba, ya sayi babur irin na tsere. Ya zo tsayawa bakin hanya, ya miƙa ƙafa yana neman ƙasa, sai yatsu kaɗai suka taɓa. Rairayi ya zame, babur ya kwanta da shi a gaban yaran ajinsa. Nan take masu ba da shawara suka taru, kowa na cewa a kai wa makaniki ya yanke sifirin ɗin baya, babur ya sauko.

To, jama'a, rabin shawarar nan gaskiya ce. Ba abin kunya ba ne mutum ya daidaita abin hawansa da jikinsa, girman kai kuwa rawanin tsiya ne. Baburan tsere dogaye a ke ƙera su don su kwanta a kwana ba su gogi kwalta ba. Yamaha R6, alal misali, sirdinsa santimita 85 ne daga ƙasa. Wanda ƙafarsa ba ta kai ba, kowace tsayawa kasada ce gare shi, balle a rairayin ƙasar Daura.

Amma yankan sifirin gyaran gangar Auzinawa ne. Maƙera sun auna gaba da baya tare. In aka saukar da baya kaɗai, kan babur ya kan yi nauyin juyawa, fitila kuma ta riƙa haska sama, tana kashe wa masu zuwa ido. Cikin injin ya matso ƙasa, duk tudun da aka hau sai ya buga. In aka goya mutum ko buhun gero, taya na iya cin murfinta a rami. Har ƙafar jingina ta kan yi tsawo, a ajiye babur a miƙe, iska kaɗan ta kayar da shi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ku dubi mahaya dawakin Daura ran hawan Salla. Wanda likkafa ta yi wa nisa, ɗaure ta ya ke yi sama, ba mu taɓa jin ya sare ƙafar doki ba. Haka ya kamata a yi da babur. A fara da sirdi: a fere soson kamar inci guda, a kuma rage fāɗinsa ta gaba, domin sirdi mai fāɗi shi ke buɗe cinya ya cinye tsawon ƙafa. Sa'an nan a sassauta sifirin ta wurin da maƙera suka tanada, gwargwadon nauyin mai shi. In duk wannan bai isa ba, a nemi makanikin da ya san aikin, ya saukar da gaba da baya daidai wa daida, ya rage ƙafar jingina, ya sake duba sarƙa da fitila.

Wanda bai riga ya saya ba kuwa, ya hau ya gwada tukuna kafin ya zare albashinsa. Honda Super Cub, wanda ya fito a 1958, ba dogo ba ne, ba shi da fankama, amma zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100.

Malamai da ma'aikatan ofis, ku ne a ke kallo a ƙauye, abin da kuka yi shi samari za su yi gobe. Ku nuna musu rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu a bisa hanya, amin.