Murhun Masunta a Tekun Norwe

A arewacin ƙasar Norwe akwai waɗansu tsibirai, ana kiransu Lofoten. Kowace shekara, daga watan Janairu zuwa Afrilu, kifi yakan taru a tekunsu da yawan gaske, masunta su fita da jiragen ruwa su kama. Shi ake shanyawa bisa katakai ya bushe ƙayau, har a kawo shi kasuwannin Nijeriya. Amma fa lokacin nan sanyi ya kai matuƙa. Hunturun Kano ko kusa bai kama ƙafarsa ba. Ƙanƙara tana zuba, iska tana kaɗawa, tufafin masunci su jiƙe sharkaf. Kadan babu wuta cikin jirgi, yatsunsa sai su sandare, ya kasa riƙe igiya.

To, wace irin wuta ta dace da jirgi? Itace da gawayi suna cin wuri, ga toka. Fetur kuwa mugun abokin tafiya ne, gama tururinsa yakan kama wuta ko cikin tsananin sanyi. Waɗansu sun fi son tukunyar gas, don tana girki da sauri. Gaskiyarsu, tana da sauri. Sai dai iskar gas ta fi iskar da ake shaƙa nauyi. In ta yi yoyo a gida, ta iya fita ta ƙofa. Jirgi kuwa kamar ƙwarya yake, ba shi da kafa a gindi. Sai iskar ta gangara ta kwanta can ƙasa, ba wanda ya gani. Ranar da ta sami tartsatsi ɗaya, jirgin ya tashi. A tsakiyar teku ina za a gudu?

Saboda haka murhun dizal shi ya fi. Man dizal ba ya saurin kamawa, sai zafinsa ya wuce awo 55 a ma'aunin Salshiyas. Kuma shi ne man da injin jirgin ke sha, watau mai ɗaya ya isa tafiya da girki da jin ɗumi.

Ga yadda yake aiki. Ana ɗora ƙaramin tanki sama da murhun. Mai ya riƙa ɗigowa kaɗan-kaɗan cikin wani kaskon ƙarfe. In kaskon ya yi zafi, man ya zama tururi, tururin ne ke ci da wuta. Ba ruwansa da lantarki. Hayaƙi ya bi bututu ya fita ta rufin jirgi, ya tafi da laima, ɗaki ya bushe. A kan murhun akwai faifan ƙarfe inda ake ɗora tukunya, an kewaye shi da sanduna don kada igiyar ruwa ta kifar da miya. Akan bar shi yana ci dare da rana, buta na bisa, safa da riguna na rataye kusa.

Ba a ce ba shi da aibu ba. Yana da nawa, mai jin yunwa sai ya yi haƙuri kafin ƙarfen ya ɗauki zafi. A ƙasa mai zafi kuma ba shi da daɗi, don ko ana girki ko ba a yi, ɗumi yake bayarwa. Mai jirgi a Tafkin Chadi ba ya bukatarsa.

Babban haɗarinsa kuwa na malalaci ne. Kadan aka bar kunkunniya ta toshe bututu, ko aka rufe tagogi ruf, wata iska mai guba takan taru. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce ke kashe masu kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Don haka masunci mai hankali yakan share bututunsa, ya bar kafar shigar iska, ya kuma rataye 'yar na'ura mai ƙara in gubar ta taru. In harshen wutar ya fara baƙin hayaƙi, sai ya rage mai, ya duba kasko kafin ya kwanta.