Halitta Ce Ko Tarbiyya?

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana tashi a zaurukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har ta shiga ofisoshin hukuma da ɗakunan malaman makaranta. Waɗansu na cewa Allah ya halicci ƙwaƙwalwar mace dabam da ta namiji, saboda haka lissafi da kimiyya ba nata ba ne, kai ta makaranta ɓata kuɗi ne. Waɗansu kuwa na cewa babu wani bambanci sai wanda iyaye suka dasa. Mun ga ya kamata mu sa baki, domin abin da malami ya gaskata a zuciyarsa shi ne yake aikatawa a cikin aji.

Turawa ma sun sha wannan gardama. A 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya auna ƙwaƙwalen matattu, ya ga ta maza ta fi nauyi, ya ɗauka nauyin nan alamar fifikon basira ce. Gaskiya ne ta namiji takan fi girma da wajen kashi 10 cikin 100, amma ai jikinsa ma ya fi girma. In da nauyi ne hankali, da giwa ce alƙali, gama tata ta ninka ta ɗan Adam wajen sau uku. A 2005 wata shaihiyar malama ta Jami'ar Wisconsin a Amurka, Janet Hyde, ta tattara manyan bincike 46 a kan halayen maza da mata, ta tarar kashi 78 cikin 100 na bambance-bambancen da aka auna ƙanana ne ƙwarai, ko kuwa kusan babu su. A 2014 kuma Maryam Mirzakhani, 'yar ƙasar Iran, ta karɓi lambar Fields, wadda masana lissafi ke ɗauka babbar lambarsu ta duniya.

Ba mu ce halitta ba ta da hannu ba. Namiji ya fi ƙarfin dantse da nisan jifa, ya kuma fi saurin kai hannu ga faɗa, a nan da ko'ina cikin duniya. Mace ce ke ɗaukar ciki, ita ke shayarwa. Wanda ya musa wannan ya musa abin da ido ke gani. Amma ƙarfin dantse ba shi ke raba 84 gida 7 ba.

Ba sai mun je Turai neman shaida ba. A kudancin ƙasar Katsina matan Maguzawa sun saba riƙe fartanya, suna noma gayaunarsu, suna kai hatsi kasuwa, alhali 'yan'uwansu na cikin gari suna kulle. Jini ɗaya ne, harshe ɗaya, ruwan sama ɗaya. Al'ada da addini ne suka raba aikinsu. A ƙasar Hausa maza ne ke ɗinkin riga da surfani, su ne kuma 'yan wanki. A Ingila kuwa an daɗe ana ɗaukar allura da wanki aikin mata. To, wace halitta ce ta juye a tsakanin Funtuwa da Landan?

Ku dubi kuma uwar adashi, wadda ke riƙe da zubin mata ashirin a ka, ba alƙalami ba takarda, ba ta kuwa taɓa mance wadda kwasa ta zo kanta. Ku dubi 'yar talla mai shekara tara tana ba da canji a tasha ba kuskure. Yarinyar da ta iya wannan da safe, yaya za a ce da rana allo ya fi ƙarfinta?

Magabatanmu ba su yi wannan zato ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru, tana aika jajis ƙauyuka su karantar da mata. A 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka buɗe makarantar 'yan mata a birnin Katsina, lokacin da mutane da yawa ke gudun abin.

Dalilin da ya sa muka tada maganar yanzu shi ne wannan. A daren 11 ga Disamba 1920 babu wanda ya san da makarantar kimiyya a Ƙanƙara. A daren 11 ga Disamba 2020 kuwa duniya duka ta ji sunanta, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibanta maza fiye da 300. An sako su bayan kwana shida, amma an rufe makarantun kwana na jihar, tsoro kuma ya shiga gidaje daga Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa. Uban da ya firgita, hannunsa kuma ya yi ƙaranci, dole ya zaɓi wanda zai koma aji. Tsoronsa gaskiya ne, kuma haƙƙin Gwamnati ne ta tsare hanya da makaranta. Amma in ya je wurin malami neman shawara, malami ya ce masa ai mace dama ba ta da kan lissafi, to an rufe wa yarinyar nan ƙofa da ƙarya. Gobe kuma garin ya nemi likita mace ko unguwarzoma mai ilmi da za ta duba matansa, ya rasa.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta su riƙa jefa tambayar lissafi ga layin 'yan mata kamar yadda suke jefa ta ga na maza, su kuma ba su lokacin amsawa. Muna kira ga ma'aikatan ƙananan hukumomi masu riƙe da rajista su lura da sunan kowace yarinya da ya ɓace daga littafi, su kai maganar gaban dagaci da hakimi tun ba a ɗaura aure ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ba yarinya alli da allo da malami mai haƙuri tukuna, sa'an nan mu ga iyakar da halitta ta yi mata.