Kafin Ka Sayi Fure, Tuna Da Kyanwarka

'Yan uwa, duk mai kyanwa a filat bai kamata ya sayi fure don kyansa kawai ba. Kyanwar tsakar gida takan fita ta ci ciyawar da ta ga dama. Wadda ke kulle a bene kuwa, abin da ka dasa a tukunya shi za ta tauna.

Wasu furannin kyan ɗan maciji gare su. Lili ne kan gaba: ganyensa, garin furensa da ta lashe a gashinta, har ruwan kwalbar da aka tsoma shi, suna iya kashe mata ƙoda cikin kwana 3. Kariya mai jan fure zuciya take taɓawa, shi ya sa maharba ke haɗa dafin kibiya da ita. Alobera da moɗa kuma amai da gudawa suke sa ta.

Wani zai ce ai sai ya ɗora tukunyar a kan durowa. Wace durowa ce ta taɓa gagarar kyanwa?

Wardi, okid da dabinon ado na areka ba su da guba gare ta. Ka kuma shuka mata alkama a ƙaramar tukunya, cikin mako guda ta tsiro, ta samu abin taunawa.

Kafin ka biya mai lambu, tambaye shi sunan shukar, ka duba jerin da ƙungiyar ASPCA ta Amurka ta ajiye a intanet. In bai san sunan ba, bar masa kayansa. In kuwa kyanwarka ta riga ta ci lili, garzaya wurin likitan dabbobi, kada ka jira ta fara amai.