Ƙofa Ɗaya, Hanyoyi Da Yawa: Yaushe Ya Kamata A Raba Ƙofar Rauta A Firem Rile?

Fasahar Firem Rile ta yi tashe a shekarun 1990 saboda araha. Kamfani mai hedikwata da rassa tara ba ya bukatar layukan haya tara. Layi ɗaya ya ishe shi a hedikwata, a cikinsa kuma a shimfiɗa hanyoyi tara, kowace da lambarta da ake kira DLCI. Da za a haɗa wuraren nan goma kowane da kowane, sai an biya kuɗin hanyoyi 45. Shi ya sa akasarin kamfanoni suka zaɓi tsarin cibiya da rassa, inda saƙon reshe zuwa reshe yake bi ta hedikwata.

A nan matsalar take. Rauta, wato na'urar da ke zaɓa wa saƙo hanya, tana kallon duk hanyoyin nan a matsayin ƙofa ɗaya. Ƙa'idoji irin su RIP da EIGRP kuwa suna da dokar hana komawa: labarin hanyar da ya shigo ta wata ƙofa ba ya sake fita ta ita. An kafa dokar ne don kada saƙo ya riƙa kewaye tsakanin na'urori. To amma idan reshe na farko ya sanar da hedikwata adireshinsa, hedikwata ba za ta isar wa reshe na biyu ba, tunda ƙofarsu ɗaya. Sai rassa su kasa ganin juna alhali layi lafiya lau yake.

Wasu injiniyoyi kan kashe dokar kawai. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin an cire kariyar da ke hana kewaye don a huta da aikin 'yan mintuna. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba ƙofar zuwa ƙananan ƙofofi a cikin manhajar rautar, kowace da DLCI ɗaya da rukunin adireshinta. Daga nan rauta za ta ɗauki kowane reshe tamkar yana da layinsa, labari ya shigo ta wannan ya fita ta waccan, dokar kuma tana nan daram.

Ribar ba ta tsaya nan ba. Idan hanyar reshe ɗaya ta yanke, ƙaramar ƙofarta kan faɗi ita kaɗai, rauta ta gane nan da nan ta nemi madadin. A ƙofar da ba a raba ba, babbar ƙofa tana iya nuna lafiya alhali reshe ya ɓace. Haka kuma ƙa'idar OSPF ba ta bukatar zaɓen jagora, ko a rubuta mata maƙwabta da hannu, a kan ƙofa mai haɗa wuri biyu kacal.

Masu adawa suna kawo hujjar adireshi, kuma hujjar tana da tushe: kowace hanya tana cin adireshi huɗu, biyu ne kawai ake amfani da su. Sai dai tun 1994 aka tsara keɓantattun adireshi don amfanin cikin gida, rukunin da ke farawa da 10 kaɗai ya haura miliyan 16. Adireshi 36 na rassa tara ba asara ba ce idan aka gwada da wunin da za a ɓata wajen neman reshen da ya ɓace.

Ƙaramar ƙofa mai ɗauke da hanyoyi da yawa tana da muhallinta: inda rukunin na'urori suka haɗu kowace da kowace, sai su zauna a rukunin adireshi ɗaya. A tsarin cibiya da rassa kuwa, matsalar farko take dawowa da ita.

MPLS ta maye gurbin Firem Rile, Cisco ma ta cire ta daga jarrabawar CCNA a 2016. Amma wanda ya kafa DMVPN da EIGRP a yau zai tarar da dokar hana komawa tana jiransa a hedikwata. Kafin ya taɓa ta, ya fara zana taswira ya ga wane reshe ne ke da hanya kai tsaye zuwa wane.