Tallar da ke bin mutum har gida: Gargaɗi ga 'yan kasuwar Boɗinga da Shagari

Duk mai riƙe da babbar waya ya san wannan abin. Mutum ya leƙa wani shafin intanet ya duba takalmi ko shadda, ya fita bai saya ba. Kafin la'asar, takalmin nan ya bayyana a Facebook ɗinsa. Washegari ya same shi a YouTube. Wasu na cewa wayar ce ke sauraren hirarsu. Gaskiyar ita ce mai shafin ne ya dasa wata 'yar alamar bibiya da ta kai rahoton ziyarar.

Wannan dabara ta daɗe a hannun manyan kamfanoni. Yanzu ta sauko ga ƙananan 'yan kasuwa a Arewa, inda matasa masu kiran kansu ƙwararrun tallar intanet ke yi wa kowa tayin kafa masa ita. Mai raguna a Shagari da mai turaren wuta a Boɗinga na cikin waɗanda tayin zai iya iskewa. Kafin su miƙa kuɗi, akwai buƙatar su san cewa yawancinsu ba sa buƙatar ta tukuna, kuma wanda ya dasa ta ba tare da izinin masu ziyara ba ya ɗauko wa kansa rigima da doka.

Yadda alamar ke aiki

Alamar bibiya 'yan layuka ne na rubutun kwamfuta da ake mannawa a kowane shafi na gidan intanet ɗin ɗan kasuwa. Ta kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ana kiran ta Meta Pixel. Google ma yana da tasa, kuma tun 2012 ya fito da Google Tag Manager, wanda ke tara alamomi da yawa a wuri guda.

Da zarar mutum ya buɗe shafin, alamar za ta ajiye ɗan ƙaramin fayil da ake kira kuki a wayarsa, sannan ta aika saƙo ga kamfanin. Saƙon na ɗauke da shafin da aka buɗe, lokacin, irin wayar, da lambar da intanet ke gane ta da ita. Idan mai shafin ya tsara ta da kyau, za ta faɗi kayan da aka duba, wanda aka zaɓa aka fasa biya, da wanda aka saya.

Daga nan sai a haɗa jerin waɗanda suka leƙo ba su saya ba, a riƙa tura musu talla. Meta na barin mutum ya zauna a irin wannan jeri har kwana 180. A Google yana iya kai kwana 540, wato kusan shekara ɗaya da rabi saboda leƙe ɗaya.

Dole a yi wa dabarar adalci: tana da amfani. Wanda ya riga ya taya kaya ya fi kusa da saye a kan wanda bai taɓa gani ba. Alamar kuma na nuna wa ɗan kasuwa wace talla ce ta kawo ciniki, wace ce ta cinye kuɗi a banza.

Ba kowa ke buƙatar ta ba

Matsala ta farko ita ce alamar ba ta da wurin zama sai a shafin intanet na kai. Ɗan kasuwar da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, wadda ta ratsa Boɗinga da Shagari, cinikinsa na waya ya fi tafiya ta WhatsApp. Ya ɗora hoton albasa ko rago, a kira shi, a daidaita, a tura kuɗi ta banki, a ɗora kaya a mota. A duk wannan babu inda za a manna alamar. Wanda ya karɓi kuɗinsa da sunan zai saka masa ita a WhatsApp ɗinsa na yau da kullum, ya sayar masa da kifi a ruwa.

Ko wanda ya buɗe shafi, sai yana da masu ziyara. Google ba ya fara tura tallar bibiya a shafukan abokan hulɗarsa sai jerin ya kai mutum 100 da suka shigo cikin kwana 30. Shafin da mai shi da abokansa biyar kaɗai ke buɗewa ba zai kai nan ba.

Ga kuma tsada. Tun watan Janairun 2022 Meta ke ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100 a kan tallar da ake biya daga Najeriya. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Kowace alama da aka ƙara tana nauyaya shafi. A ƙauyen da sabis ke zuwa yana tafiya, mai saye ba zai tsaya jiran shafin da ke cinye masa data ba.

Ga mafi yawan masu ƙaramin jari, akwai hanya mafi sauƙi. Facebook da Instagram na barin mai talla ya sake kai saƙo ga waɗanda suka yi hulɗa da shafinsa na can ciki, ba tare da alama ba. Akwai kuma tallar da ke kai mutum kai tsaye zuwa WhatsApp. Sun fi dacewa da yadda ake ciniki a nan.

Waya ɗaya, mutum biyar

Matsala ta biyu ta fi ta kuɗi nauyi. An ƙera wannan fasaha ne da tunanin kowa na da wayarsa shi kaɗai. A gidaje da yawa na karkarar Sakkwato ba haka ba ne. Wayar maigida ce uwargida ke ara, ita ce yara ke kallo da ita, ita ce ƙane ke ɗauka da dare.

A ɗauka wata mata ta ari wayar ta duba shafin masu maganin haihuwa. Ko wani magidanci ya duba shafin masu ba da bashi, ko kayan lefe alhali bai sanar da iyalinsa ba. Talla ba ta san hannun da ke riƙe da waya ba. Za ta fito a gaban duk wanda ya buɗe. Abin da mutum ya ɓoye wa makusantansa, sai ga shi a fili saboda wani ya so ƙarin ciniki.

Wannan ba zato ba ne kawai. A 2022, kafar binciken The Markup ta gano Meta Pixel a shafukan asibitoci 33 cikin manyan asibitoci 100 na Amurka, tana aika bayanan masu neman ganin likita. Idan asibitocin da ke da lauyoyi da injiniyoyi sun yi wannan kuskure, ina ga mai maganin gargajiya da wani yaro ya haɗa wa shafi cikin kwana biyu? Ƙa'idojin Meta da na Google da kansu sun hana amfani da bayanan lafiya ta wannan hanya, amma kafa alamar ba ya buƙatar mutum ya karanta su.

Wasu za su ce ai ko a kasuwar ƙauye dillali na tuna wanda ya taya saniya ya tafi, ya bi shi ya ce a dawo a daidaita. Haka ne. Amma mai saye na ganin dillali, ya san sunansa, yana iya ce masa ya rabu da shi. Dillali kuma ba ya rubuta rahoto ya aika Kalifoniya. Bambancin shi ne sani da yarda.

A yankin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, ƙaninsa Abdullahi ya zauna a Boɗinga, ba sai an yi dogon bayani kan amana ba. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Ɗan kasuwar da ba zai leƙa ta katangar maƙwabci ba, bai kamata ya leƙa wayarsa ba tare da sallama ba.

Doka ta riga ta zo

A ranar 12 ga Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC da Dokta Vincent Olatunji ke shugabanta. Dokar ta ce shirun mutum ba amincewa ba ne. Ta ba kowa 'yancin ƙin tallar da ake aiko masa kai tsaye. Ta ƙara tsauri kan bayanan lafiya, addini, ƙabila da ra'ayin siyasa, da na yara 'yan ƙasa da shekara 18. Ƙa'idar aiwatarwa da ta fara aiki a Satumban 2025 ta buƙaci shafuka su nemi izini a fili kafin su ajiye kuki, ban da wanda shafin ba zai yi aiki ba sai da shi.

Hukumar ta nuna ba wasa take yi ba. A Agustan 2024 ta ci tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8, kuma amfani da kuki ba bisa ƙa'ida ba na cikin zarge-zargen, ko da yake bankin ya musanta. A Fabrairun 2025 ta ci tarar Meta dala miliyan 32.8 kan batutuwan da suka haɗa da tallar bin ɗabi'un mutane, kafin daga baya su sasanta. Hukumar kare masu saye, FCCPC, ta riga ta ci kamfanin tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024.

Ƙaramin ɗan kasuwa bai tsira ba. Tararsa na iya kai naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Alhakin kuma na kan mai shafin ne, ba yaron da ya manna alamar ya kama gabansa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ga wanda ya ga lallai sai ya kafa

Mai shago da ke aika kaya Kano da Abuja da Legas, mai shafi da masu ziyara na gaske, yana da hujjar kafawa. Amma da sharuɗɗa.

Na farko, asusun talla da alamar su kasance da sunansa da lambarsa. Ya ba ƙwararren izinin aiki kawai, ya janye idan an gama. In ba haka ba, ranar da suka ɓata, jerin abokan cinikinsa ya tafi da mutumin.

Na biyu, sanarwar neman izini ta fito da Hausa, gajeriya, da maɓallin "Na yarda" da na "Ban yarda ba" masu girma ɗaya. Kada alamar ta fara aiki sai an danna na farko. Izinin da aka nema da Turancin lauyoyi daga wanda ba ya jin Turanci, izini ne na yaudara.

Na uku, kada a dasa ta a shafukan magani, bashi ko neman aure, kuma kada ta ɗauki abin da mutum ya rubuta a fom.

Na huɗu, a taƙaita kwanakin bibiya. Wanda ya duba ragon layya ba ya buƙatar ganin sa bayan Sallah. Wanda ya riga ya saya, a cire shi daga jerin.

Hukumar NDPC ma da saura a gabanta. Dokar da ba a bayyana ta da harshen mutane ba, tarko ce. Ya kamata a ji bayaninta da Hausa a Rediyon Rima da sauran gidajen rediyon Sakkwato. Masu koyar da matasa sana'ar tallar intanet, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a ƙananan cibiyoyin kwamfuta, su sa darasin izini kafin darasin manna alama.

Kasuwancin Boɗinga da Shagari ya ginu ne a kan sanayya. Ana ba da kaya bashi saboda an san gidan mutum, ana tura kuɗi kafin a ga kaya saboda an yarda da mai su. Ɗan kasuwar da tallarsa ta tona asirin gida ɗaya, labarin zai zaga gari kafin kasuwa ta sake ci, kuma babu kuɗin tallar da zai sayo masa sunansa.