Siririn tiyon da ke shanye ribar direba

Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, direbobin Batsari da Safana ke ƙirga kowace lita. Amma akwai wata ɓaraka da na lura ba a damu da ita ba, a cikin tsofaffin motocin kafireto, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna a da, waɗanda har gobe suke jigilar hatsi zuwa kasuwa.

Inji ba ya ba da ƙarfi sai fulogi ya kyasta wuta a kan kari, gab da fistan ya kai ƙololuwa. Wannan shi ake kira tayimin. Idan wutar ta makara, mota ta yi nauyi, inji ya ɗau zafi, mai ya tafi a banza. Idan ta yi gaggawa, sai a ji ƙwanƙwasa a hawa, wadda kan kai ga huda fistan.

A jikin distributa akwai ɗan gwangwani mai faifan roba a ciki, da siririn tiyo ya haɗa shi da kafireto. Yayin da mota ke tafiyar sauƙi, zuƙar iskar inji kan ja robar, wuta ta ɗan gabata, domin man da ke shiga kaɗan ne kuma a hankali yake ci. Da an taka totur, zuƙar ta ragu, wutar ta koma mazauninta. Ranar da robar ta tsage, bakanike da yawa sai su toshe tiyon da kusa, su murɗa distributa da kunne, su ce an gama. Daga nan direba ya shiga biyan harajin da bai san da shi ba.

Gwajin ba shi da wuya. A cire tiyon daga kafireto a zuƙa da baki. In farantin cikin distributa bai motsa ba, a sauya gwangwanin. Wajen saiti kuwa, a toshe tiyon na ɗan lokaci, a auna da fitilar tayimin bisa ma'aunin kamfani, sannan a mayar da shi.

Ina jaddada wannan ne domin a yankinmu maganar ta wuce ta aljihu. Motar da ta tafasa ta tsaya da fasinja a hanyar da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, ga magariba ta gabato, rayuka ta jefa cikin haɗari. Ya kamata shugabannin tasha su sayi fitilar nan ko guda ɗaya, su damƙa wa garejin da suka amince da shi. Rigakafi ya fi magani.