Nawa Ne Kuɗin Rigar Gunduma?

A shekarar 1991 mutanen Cornwall, gundumar da ke can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, suka yi ɗango zuwa Landan, wajen mutum 40,000, sanye da baƙi da ruwan zinare. Wasan ƙarshe na gasar zari-ruga ta gundumomi ne ya fito da su. A filin Twickenham, Yorkshire ta fara yi musu nisa da ci 16 da 3, suka farfaɗo, aka shiga ƙarin lokaci, aka tashi suna da 29, Yorkshire na da 20. Rabonsu da kofin tun 1908. Wanda ya san wannan labari ba zai raina rigar gunduma ba, ni ma ban raina ta ba. Gasa ce da ta faro tun 1889, kuma akwai garuruwan da har yau dattijo zai nuna maka hoton ɗansa cikin wannan riga kafin ya nuna maka na aurensa.

Amma 'yan wasan 1991 manya ne, masu iyali da sana'a. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka sauko da wannan girma aka ɗora wa samari 'yan shekara 15 da 16, aka ce su ma su wakilci gunduma, su kara da takwarorinsu na wata. Ana yawan faɗin ribar abin. Ni kuɗinsa nake so mu ƙirga, mu ga kuma daga aljihun wa yake fita.

Mu fara da ranar tantancewa. Hukumar zari-ruga ta Ingila, RFU, wadda aka kafa a 1871, ta raba ƙasar tsakanin rassanta na gundumomi. Wasu su kaɗai ne, kamar Yorkshire da Lancashire da Kent, wasu kuma haɗaka ce, kamar Dorset da Wiltshire, ko Nottinghamshire da Lincolnshire da Derbyshire. Kulob-kulob da makarantu ke miƙa sunayen yaran da suke ganin sun isa, a tara su a fili ɗaya, masu zaɓe su tsaya a gefe da takarda da biro, cikin 'yan sa'o'i su tace. Rukunin shekaru kuwa yana bin kalandar makaranta ne, wadda ke farawa ranar 1 ga Satumba. Ke nan yaron da aka haifa ranar 2 ga Satumba da wanda aka haifa ranar 30 ga Agusta mai bi mata, rukuninsu ɗaya, alhali kusan shekara guda ce tsakaninsu. A wajen magidanci shekara ɗaya ba komai ba ce. A wajen ɗan shekara 14 kuwa ita ce tazarar da ke tsakanin wanda muryarsa ta buɗe, kafaɗarsa ta cika, da wanda har yanzu rigar yayansa ke yi masa yawa. Ƙara da cewa balaga ba ta bin kalanda: wani ya tsiro da wuri, wani sai ya kusa gama sakandare.

A wasan da ake cin karo da ƙirji, mai zaɓe ko ya kai kowa adalci, idonsa zai fi sauka kan yaron da ke ratsa mutum uku da ƙwallo a hammata. Masu binciken wasanni sun daɗe da gano cewa 'yan farkon shekarar makaranta sun fi yawa a ƙungiyoyin matasa da aka zaɓa, a zari-ruga da ma ƙwallon ƙafa. Sau da yawa abin da aka kira baiwa a takardar mai zaɓe, girman jiki ne da ya zo da wuri. Daga nan abin sai ya riƙa ciyar da kansa. Wanda aka ɗauka ya sami ƙwararren koci da abokan atisaye masu ƙarfi, baɗi ya dawo ya fi na bana. Wanda aka bari ya koma gida da saƙon da babu wanda ya furta amma ya ji shi sarai, cewa shi ba irin su ba ne. Wani zai daure. Wani kuma zai rataye takalmi a daidai shekarun da samari suka fi barin wasa, tun jikinsa bai gama nuna abin da zai zama ba. Tun kakar 2019 RFU ta kafa doka cewa duk yaron da ke cikin tawagar ranar wasa sai ya buga aƙalla rabin lokaci. Doka ce mai kyau, sai dai ba ta san da zaman wanda sunansa bai shiga tawagar ba.

Shi ma wanda aka zaɓa da wuri bai tsira ba. Yaron da ya saba ture kowa da ƙarfi ba ya jin buƙatar koyon miƙa ƙwallo da hannun hagu, ko karanta fili. Ranar da sa'o'insa suka kamo shi a tsawo da nauyi, sai a ga ba shi da wata dabara a ajiye.

Sai kuɗi na zahiri. Yorkshire faɗinta kamar ƙasa guda ne, Cumbria duwatsu ne da hanyoyi masu lanƙwasa, daga Penzance zuwa Exeter kuma tafiyar sama da awa 2 ce a mota. Atisayen gunduma yakan faɗo da yamma a tsakiyar mako ko ranar Lahadi, a filin da bas ba lallai ta kai ka ba. Dole a sami uwa ko uba mai mota, mai kuɗin mai, wanda aikinsa zai bar shi ya tashi da wuri. Ga kayan sawa masu tambarin gunduma, ga takalmi, ga robar kare haƙori. Ɗan ma'aikaciyar jinya mai aikin dare ba a kore shi ba, amma hanyar ba da shi aka auna ta ba. Rahoton da gidauniyar Sutton Trust ta fitar a 2019 ya nuna kashi 37 cikin 100 na maza masu buga wa ƙasashen Birtaniya zari-ruga makarantun kuɗi suka yi, a ƙasar da kusan kashi 7 ne kawai ke zuwa irin waɗannan makarantu. Yaron makarantar kuɗi yana zuwa tantancewa da horo na kusan kullum a jikinsa, malaminsa kuma ya san lokacin miƙa suna da wanda ake miƙa wa. Matsalar tsohuwa ce a wannan wasa. A 1895, bayan wani taro a Huddersfield, kulob 22 na arewacin Ingila suka ɓalle daga RFU, saboda an hana biyan ma'aikatan ma'adinai da masaƙu ladan ranar aikin da suka rasa don wasa. Tambayar da suka yi a lokacin, wa ke da halin bugawa, ita ce dai ke tsaye a bakin filin tantancewa.

Ƙaramin kulob ma yana biya. Ƙungiyar da ke da yara 18 a rukuni, in gunduma ta ɗebi 4 mafiya ƙarfi a ƙarshen mako, ba za ta iya fitar da mutum 15 ba, sai a soke wasa, sauran 14 su zauna a gida. Su huɗun kuma a can za su haɗu da 'yan manyan kulob, a yi ta zuga su su koma inda ake cin kofi. Kocin sa-kai da ya raini yaro tun yana ɗan shekara 7 shi ne ke cike takardar da za ta raba shi da shi. Wannan duk yana faruwa ne a ƙasar da shugaban gudanarwar hukumar, Bill Sweeney, ya karɓi fam miliyan 1.1 a shekarar da RFU ta sanar da asarar kusan fam miliyan 38 a 2024, ta kuma sallami ma'aikata sama da 40. Ƙasan ginin, inda yaran suke, a kan gumin 'yan sa-kai da man motar iyaye yake tsaye.

To, me ake saye da duk wannan? Iyaye da yawa suna zaton rigar gunduma ce matakin farko zuwa ga rigar Ingila. A da haka ne: kulob, gunduma, shiyya, ƙasa. Tun da wasan ya zama sana'a a 1995 hanyar ta karkata zuwa cibiyoyin horon manyan kulob, su ne ke zaɓen waɗanda za a ba kwantiragi a shekara 18. Kasuwar kanta kuma ta tsuke. Worcester da Wasps sun durƙushe a 2022, London Irish ta bi su a 2023, babbar gasar kulob-kulob ta Ingila ta koma kulob 10. Samarin da suka ba da ƙuruciyarsu ga cibiyoyin waɗannan kulob sun wayi gari ba su san makomarsu ba. Ɗan shekara 16 da ke yawo tsakanin makaranta da kulob da gunduma da cibiyar horo, a shekarar da zai rubuta jarrabawar sakandare ta GCSE, yana bin ƙofar da mutum ƙalilan ne za su shige ta.

Ba na cewa a rushe komai. Gasar 'yan ƙasa da shekara 20, wadda ake kira kofin Jason Leonard, da tawagar 'yan ƙasa da 18, suna da hujja mai ƙarfi. A wannan shekaru jiki ya kusa daidaita, kuma su ne ke kamo wanda cibiyoyin horo suka tsallake, ko wanda ya tsiro a makare. Nan rigar gunduma take aikin da babu mai yi sai ita. Ƙasa da haka ne nake da ja. A New Zealand, ƙasar da ba wanda zai ce ba ta san cin wasa ba, hukumar yankin North Harbour ta soke tawagogin wakilci na ƙananan yara a 2019, ta maye gurbinsu da horon da kowane yaro zai iya shiga. An yi mata ca, amma dalilinta a fili yake: yara na barin wasan, zaɓen wuri kuma na daga cikin abin da ke korarsu. A can ma an daɗe ana raba wasu rukunonin yara bisa nauyin jiki, ba shekaru kaɗai ba.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe, wato buguwa a kai. A Ingila yaro kan fara kama abokin wasa ya kayar tun a rukunin 'yan ƙasa da shekara 9, ya shiga cikakken wasa na mutum 15 a rukunin 'yan ƙasa da 14. Wasan gunduma yana tara mafiya girma da gudu ne daga kowane kulob ya haɗa su wuri guda, don haka karon ya fi na wasan kulob na kowace Lahadi tsanani, kuma ƙari ne a kan wasannin makaranta da na kulob, ba madadinsu ba. A 2011 wani yaro ɗan shekara 14 ya rasu a Arewacin Ireland bayan ya bugu a kai a wasan makaranta, aka bar shi ya ci gaba, ya sake buguwa. A 2016 likitoci da masana sama da 70 suka rubuta wa gwamnati suna neman a hana kayarwa a wasannin makarantu. A 2020 Steve Thompson, wanda ya ci wa Ingila kofin duniya a 2003, ya bayyana cewa yana fama da ciwon mantuwa tun bai tsufa ba, har ba ya tuna wasannin gasar da ya ci. Hukuma ta motsa, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Tun Yulin 2023 ba a yarda a kama ɗan wasa sama da ƙasan ƙashin ƙirji ba a wasannin da ba na ƙwararru ba, kuma ƙa'idar yanzu ita ce wanda ƙwaƙwalwarsa ta girgiza ba zai koma gasa ba sai bayan kwana 21 aƙalla.

Sai dai ƙa'idar ta dogara ne da a gani, ko yaro ya faɗa. Kwana 21 kuwa sun isa su cinye tantancewa da rabin wasannin gunduma na kakar, domin wasannin ba su da yawa. Yaron ya san wannan lissafi fiye da kowa.

Kofin manya na gundumomi sunan Bill Beaumont yake ɗauke da shi, kyaftin ɗin da ya jagoranci Ingila ta doke duk abokan karawarta a gasar ƙasashe biyar ta 1980. A wasan ƙarshe na wannan gasa ta gundumomi, a 1982, yana sanye da rigar Lancashire, ya bugu a kai, likitoci suka ce ya daina, ya daina. Yana da shekara 29, ya riga ya yi suna, yana da sana'ar gidansu da zai koma, kuma akwai ƙwararrun da suka zaunar da shi suka gaya masa gaskiya. Ɗan shekara 15 a filin tantancewa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya tashi daga ƙasa yana ganin fili bibbiyu, mahaifinsa da ya tuƙo awa biyu yana tsaye a bakin layi, mai takarda da biro yana kallonsa. Mai ba da agajin farko ya rugo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yaya, lafiya kake?" Yaron ya gyara robar bakinsa, ya ce lafiya lau, ya koma layi.